Tsohon Ginin Kwalejin Katsina

Tsohon ginin Kwalejin Katsina ginin ƙasa ne da ke unguwar Rafukka a birnin Katsina. A cikinsa aka fara makarantar horar da malamai ta Arewacin Najeriya a 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, kuma Gwamnan Najeriya na lokacin, Hugh Clifford, ya buɗe ta a hukumance ranar 5 ga Maris, 1922. An zaɓi Katsina saboda sunan da ta yi tun da can a fagen ilimi, wanda hasumiyar Gobarau ke shaida, da kuma nisanta da hanyar jirgin ƙasa, don ɗalibai su sami natsuwar karatu.

Karatun na shekara biyar ne, da Turanci ake koyarwa, ana ɗauko ɗalibai daga lardunan Arewa don su koma su koyar a makarantun lardi. A ɗakunan nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Kashim Ibrahim da Abubakar Imam da Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita duk ta nan suka bi.

A 1938 aka kwashe makarantar zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, inda a 1971 ta sami sunan Kwalejin Barewa. Makaranta ta tashi, gini ya tsaya inda yake. A 1959 aka sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa da doka ta kare, daga baya hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya ta mai da shi gidan adana kayan tarihi na Katsina. Azuzuwan da aka yi darasi a cikinsu yanzu su ne ɗakunan baje kayan gargajiya da hotuna.

Ginin kansa ya fi duk abin da ke cikinsa cancantar a tsaya a duba, domin aikin maginan Hausa ne tsantsa. A irin wannan gini, ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta tsumu kwanaki, a mulmula tubali da hannu, a shanya a rana. Ana jera tubalin tsaye, kai sama, ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa, kuma wannan kaurin ne ke riƙe sanyi a ɗaki da tsakar rana. Rufi na azara ne, wato tsagin itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar mita biyu, shi ya sa ɗaki mai faɗi sai da ginshiƙi ko bakan gizo, inda ake ɗaure azara gaba-gaba har ta haɗu a tsakiya.

Babban abokin gaban ginin ƙasa ruwa ne. Idan indararo ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta a kan soro, sai ya tsatsafa ya jiƙa bakin azara inda ta shiga bango. Nan ruɓa ke farawa, ba a gani sai rufi ya lotsa. A ƙasa kuma, ruwan da ke fantsama yana zaizaye gindin bango. Maganinsa yaɓe kafin damina, da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso, wato shafe mai hana ruwa shiga, da ake haɗawa da katsin marina, abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini.

Kuskuren da ake yawan yi wa irin waɗannan gine-gine shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti da sunan gyara. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, yana tsagewa, ruwa ya shige ta tsagar ya rasa hanyar fita, bango ya jiƙe daga ciki alhali fuskarsa tana sumul. Sauya amfanin gini ma na da nasa haɗari: fasa bango don saka wayar lantarki ko faɗaɗa taga yana raunana shi, kuma ɗakin da aka rufe aka daina shiga ya fi saurin lalacewa, don babu mai ganin ɗigon farko.