Waiwaye: Waƙar Italiya 90 da ta ƙi tsufa

Ranar 8 ga Yunin 1990, kafin a take leda tsakanin Ajantina da Kamaru a filin San Siro na birnin Milan, mawaƙan Italiya biyu, Gianna Nannini da Edoardo Bennato, suka rera "Un'estate italiana", waƙar gasar cin kofin duniya ta shekarar. Giorgio Moroder ne ya tsara kiɗanta. Da Turanci aka fara rubuta ta, da sunan "To Be Number One", sai mawaƙan nan biyu suka sa mata sababbin baitoci da Italiyanci, kuma tasu ce ta karɓu.

Talabijin ce ta dasa ta a kunnen jama'a. Gidan RAI na gwamnatin Italiya ya mai da kiɗan take na buɗe shirye-shiryensa na gasar, wata guda cur ana jin sa kafin wasa. A Ingila kuwa BBC ta zaɓi "Nessun dorma" da muryar Luciano Pavarotti, shi ya sa Bature ɗan Ingila da na Italiya kowa da sautin da ke tuna masa gasar. Sunan waƙar na ainihi ma bai dami mutane ba, "Notti magiche" suke kiran ta, wato darare masu ban al'ajabi, daga amshinta.

Mu a Afirka ranar buɗe gasar ba ta mantuwa. François Omam-Biyik na Kamaru ya jefa wa tawagar Maradona ƙwallo da ka, Kamaru ta gama wasan da mutum tara, ta kuma kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, inda babu ƙasar Afirka da ta taɓa zuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, masu waƙar ba su ci kofin ba. Ɗan wasan Italiya Salvatore Schillaci ya zura ƙwallo 6 a gasar, amma Ajantina ta fitar da Italiya da bugun fenareti a Napoli, Jamus ta Yamma ta ɗauki kofi. Duk da haka waƙar ba ta bi rashin nasarar ta shuɗe ba.

A 2021 ta sake tashi. 'Yan wasan kocin Italiya Roberto Mancini da magoya bayansu suka yi ta rera ta a gasar Turai, har suka doke Ingila a Wembley ranar 11 ga Yuli. Golan da ya tare fenareti biyu a daren, Gianluigi Donnarumma, a 1999 aka haife shi, shekara tara bayan Italiya 90.