Katsewar Firinta Daga Wi-Fi

Katsewar firinta daga Wi-Fi matsala ce da ake yawan samu a gidaje da ƙananan shagunan buga takardu, inda firintar da ke karɓar aiki ba tare da kebul ba takan ɓace wa kwamfuta ko wayar hannu, alhali tana kunne, ga takarda ga tawada. A Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena, inda kwamfutoci da yawa ke ɗauke da Windows na Faransanci, alamar da aka fi gani ita ce rubutun "Hors connexion", wato ba a haɗe take ba, a ƙarƙashin sunan firintar. Masu shago sukan ce rezo, wato hanyar sadarwa, ya ɗauke, ko kuma kwamfuta ta daina ganinta. Galibi dai firintar lafiyarta ƙalau. Hanyar da kwamfuta ke bi ta same ta ce ta sauya.

Yadda haɗin yake

A tsarin da aka saba, firinta da kwamfuta ba sa magana kai tsaye. Dukansu suna haɗuwa ne a rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, ko ƙaramin MiFi mai layin MTN, Orange ko Camtel a Kamaru, Airtel ko Moov Africa a Chadi. Rauta ce ke ba kowace na'ura lambar adireshi, kamar 192.168.1.23, ta wani tsari mai suna DHCP. Wannan adireshi aro ne na ɗan lokaci, sau da yawa na kwana ɗaya, kuma ba dole ba ne na'ura ta sake samun wanda ta riƙe jiya.

Buga takarda a cikin gida ba ya cin data. Ko kuɗin layi ya ƙare, muddin rauta tana kunne aikin zai wuce, in ban da firintoci da manhajojin da aka tsara su bi ta intanet. Mutane da dama sun sayi data don firinta ta dawo, ba ta kuwa dawo ba.

Ɗaukewar wuta da sauyin adireshi

A wannan yanki, babban sanadin matsalar shi ne wutar lantarki. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani akan koma rabon wuta unguwa-unguwa. Njamena ma ta saba da ɗaukewar wuta a lokacin zafi. Duk sanda wuta ta ɗauke ta dawo, ko aka juya zuwa janareta, na'urorin gida suna tashi ne daga farko, kuma ba sa tashi tare.

Firinta takan shirya cikin 'yan daƙiƙu, rauta mai layin 4G kuwa takan ɗauki minti ɗaya ko biyu. Sai firinta ta nemi Wi-Fi ta rasa. Wasu firintocin sukan ci gaba da nema har su samu, wasu kuma, musamman tsofaffi, in sun gwada kaɗan sai su haƙura har sai an kashe su an sake kunnawa. Ko da ta samu, akwai mataki na biyu. Rautoci masu araha sukan manta rabon da suka yi in wuta ta ɗauke, sai su sake raba adireshi bisa wanda ya riga zuwa. Wayoyin yara da na baƙin da ke zaure sun riga sun karɓe lambobin farko, firintar da take a 192.168.8.101 da safe ta koma 192.168.8.105 da la'asar. Kwamfuta kuwa tana ta aika aiki tsohon adireshi, kamar ɗan aike da ke sallama a ƙofar gidan da mai shi ya tashi. Fitilar Wi-Fi ta firinta tana ci daram, kwamfuta na cewa babu ta, kuma dukansu gaskiya suke faɗi.

Maganin wannan shi ne a ba firinta adireshi na dindindin. Hanya mafi tsafta ita ce a shiga shafin saitin rauta, wanda a na'urorin Huawei da yawa yake a 192.168.8.1, a wasu kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a keɓe wa firinta lamba ɗaya ta amfani da lambarta ta MAC, wato lambar shaidar da aka ƙera ta da ita, wadda ba ta sauyawa. In rauta ba ta da wannan damar, kamar yadda wasu MiFi ba su da ita, sai a rubuta adireshin da hannu a jikin firintar, a zaɓi lambar da ke wajen waɗanda rauta ke rabawa, don kada na'ura biyu su yi karo a kan lamba guda. Bayan haka a koma kwamfuta a ɗora firintar a kan tashar "Port TCP/IP standard", wato hanyar da Windows ke aika mata aiki, da sabon adireshin, maimakon tashar WSD da Windows ke zaɓa da kanta, wadda masu gyara suka sani da yawan ɓatar da firinta. Aikin minti goma ne, kuma ya fi duk wani gyara amfani.

Yana da kyau a ɗora rauta a kan ƙaramin batir ko sola, tun da wutar da take ci ba ta da yawa. Firintar lesa kuwa kada a haɗa ta da ƙaramin ondila, wato akwatin batir mai riƙe wuta in ta ɗauke, domin sashen da ke gasa hodar tawada a kan takarda yana jan ɗaruruwan wat a lokaci guda.

Zango biyu na Wi-Fi

Wi-Fi na gida yana aiki a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farko ya fi kai wa nesa da ratsa bango, na biyu ya fi sauri. Firintocin gida masu yawa 2.4 kaɗai suka sani. Sababbin rautoci sukan haɗa zangon biyu a ƙarƙashin suna ɗaya su riƙa tura na'urori tsakaninsu, abin da ke rikita firinta. Raba su, kowanne da sunansa, yakan kawo ƙarshen rikicin. A zangon 2.4, tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, kuma a wuri mai cunkoso kamar layin shagunan kusa da jami'a ko kasuwa, tsayar da rauta a kan ɗaya daga cikinsu ya fi barin ta tana tsalle. Firintar da aka ƙera don kasuwar Amurka, irin waɗanda ke shigowa a matsayin na hannu, ƙila ba za ta ga tasha ta 12 da ta 13 ba sam.

Haka batun tsaro yake. Tsarin kulle Wi-Fi mai suna WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018, kuma tsohuwar firinta ba ta gane na biyun. A nan sai a mayar da rauta WPA2, amma kada a cire kalmar sirri gaba ɗaya.

Idan waya ce ke raba intanet

Gidaje da yawa ba su da rauta, wayar maigida ce ke raba Wi-Fi. Wannan ne haɗi mafi rauni. Maigida ya tafi masallaci da wayarsa, firinta ta zama marainiya. Wayoyi kuma sukan kashe rabon da kansu in suka ga ba a amfani da shi, don tattalin batir. Dabarar da ke taimakawa ita ce a bar suna da kalmar sirri yadda suke ko an sauya waya, domin firinta waɗannan biyun kaɗai take riƙewa, sannan a tabbata wayar tana rabawa a zangon 2.4.

Barci, bango da zafi

Firinta takan shiga barci don rage cin wuta, wasu kuma sukan saki Wi-Fi a cikin barcin. Ana iya tsawaita lokacin ko kashe "Arrêt automatique", wato kashe kai da kanta, a saitinta. Bangon siminti, kaurin ginin ƙasa, ƙofar ƙarfe da tankin ruwa duk suna rage ƙarfin sigina, don haka rautar da ke ƙuryar ɗaki ba lallai ta kai shagon da ke bakin zaure ba. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Kusiri, rautar da aka ajiye a taga ko kusa da kwanon rufi takan yi zafi ta sake tashi da kanta. Ƙurar hunturu ma tana toshe mata kafofin shan iska.

Gano inda matsalar take

Kafin a goge komai, a sa firinta ta buga shafin bayanin rezo, wanda kusan kowacce tana da shi. In adireshin ya fara da 169.254, ko ya nuna 0.0.0.0, ba ta samu lamba daga rauta ba ke nan, laifin yana tsakaninta da rauta. In ya fara da 192.168, a rubuta shi a burauzar kwamfuta. Shafin firinta ya buɗe, to haɗi lafiya yake, gyaran yana cikin Windows: a duba adireshin da ke tashar firintar, a cire alamar "État SNMP activé" in tana sa ana ganin firinta a kashe, a kuma share ayyukan da suka maƙale a layi. In bai buɗe ba, a duba ko kwamfutar tana kan wani Wi-Fi dabam, ko kan Wi-Fi ɗin da rauta ke ware wa baƙi, wanda da gangan yake hana na'urori ganin juna.

Wasu hanyoyin

Wi-Fi Direct, wanda ya fito a 2010, yana ba waya damar haɗuwa da firinta ba tare da rauta ba, kuma ya dace da gidan da bugu yake jefi-jefi. Ga shagon da ɗalibai ke layi da takardun jarrabawa, kebul ya fi kwanciyar hankali. Na USB yana kai mita 5, na Ethernet kuma mita 100, in firintar tana da kafarsa.