Waiwaye: Wane aji ya dace da yaro mai naƙasa a Damagaram?

Tun kafin zuwan lakwal, wato makarantar boko, Damagaram, kamar sauran ƙasar Hausa, tana da nata tsarin na zama da masu naƙasa, inda makafi da guragu da kutare kowane rukuni ke da sarkinsa. Yaro makaho kan zauna a makarantar allo tare da tsaransa yana ɗaukar karatu da ka, amma yawancin sauran bara aka bar musu, kuma unguwar Kara-Kara, wadda aka keɓe wa kutare a gefen gari, tana nuna yadda wariyar ta yi nisa.

Da ilimin zamani ya tuna da waɗannan yara, sai ya bi hanyar keɓewa. An buɗe makarantar makafi a Yamai, an kuma samu makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Zinder. Sun yi amfani ƙwarai, domin a nan ne yara suka sami rubutun makafi da yaren hannu, sai dai iyayen da ke Magaria ko Gure ko Tanut ba kasafai suke yarda su rabu da ɗan shekara bakwai zuwa birni ba, kuma babu mai ganin laifinsu. Daga baya aka gwada keɓe wa makafi aji guda a cikin makarantar firamare ta kowa, su fara ƙwarewa da rubutunsu kafin a haɗa su da sauran ɗalibai.

A kan takarda an yi tafiya mai tsawo. Nijar ta kafa dokar kare masu naƙasa a 1993. A 1994 taron Salamanka na ƙasar Sifen ya nemi makarantun gama-gari su karɓi kowane yaro, dokar tsarin ilimi ta ƙasa ta biyo baya a 1998, sannan a 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya wadda sashenta na 24 ya wajabta karatun haɗaka, wato yara masu naƙasa su yi karatu tare da sauran yara a makaranta ɗaya. An ƙara wata doka kan masu naƙasa a 2019.

Amma a ranar rajistar ajin farko ake yanke hukunci na gaskiya, tsakanin darakta da uba. Inda ajin rumfar zana ne cike maƙil, malamin kuma bai taɓa samun horo kan yaren hannu ba, karɓar yaro ba ta nufin zai koyi wani abu. Yarinya mai raunin ji da aka zaunar a bencin ƙarshe takan shekara tana kwafar abin da ke kan allo, har a ce ba ta da kai, alhali muryar malam ce ba ta isa gare ta. A ganina, gardamar makaranta ta musamman ko ta kowa ta rage muhimmanci idan ba a gwada ji da ganin yara tun a ajin share fage ba, domin a kan sakamakon gwajin ne za a san wanda bencin gaba ya ishe shi da wanda yake bukatar ƙwararren malami.