Olikoye Ransome-Kuti

Olikoye Ransome-Kuti (1927–2003) likitan yara ne ɗan Najeriya, farfesa a Jami'ar Legas, wanda ya riƙe muƙamin ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992 a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Shi ake dangantawa da kafuwar tsarin kiwon lafiya a matakin farko a ƙasar, wato tsarin da ya ɗora nauyin lafiyar talaka a kan ƙaramin asibitin unguwa da na ƙauye, maimakon jiran babban asibitin birni. Ana kuma tuna shi da fitowa fili ya faɗi gaskiya a kan cutar ƙanjamau a lokacin da ko sunanta mutane ba sa son ambata.

Asali da karatu

An haife shi ranar 30 ga Disamba, 1927, a Ijebu-Ode da ke cikin Jihar Ogun ta yanzu. Gidansu sananne ne a ƙasar Yarabawa. Mahaifinsa, Israel Oludotun Ransome-Kuti, limamin coci ne kuma malamin makaranta, shi ne ma shugaban farko na ƙungiyar malamai ta Najeriya. Mahaifiyarsa, Funmilayo, ita ta jagoranci matan Abeokuta wajen bijire wa harajin da aka ɗora musu, gwagwarmayar da ta kai ga Alake na Egba, wato sarkin Abeokuta, ya sauka daga karaga na ɗan lokaci a 1949. Ƙannensa maza biyu su ma sun yi suna: Fela mawaƙi, da Beko, likita mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam. Cikin ukun nan Olikoye ne mai sanyin hali, kuma shi kaɗai ya shiga gwamnati, gwamnatin soja kuwa, irin wadda ƙannensa suka sha ɗauri a hannunta.

Ya yi sakandare a Abeokuta, sannan ya tafi Kwalejin Trinity da ke Dublin a ƙasar Ailan, inda ya kammala karatun likita a 1954. Daga baya ya ƙware a fannin cututtukan yara a Landan. Ya yi aiki a babban asibitin Legas da asibitin koyarwa na Ibadan kafin ya koma Jami'ar Legas, inda ya zama farfesa kuma shugaban sashen kula da lafiyar yara.

Abin da ɗakin yara ya koya masa

Ra'ayinsa game da lafiyar al'umma daga bakin gadon marasa lafiya ya samo shi. Yaran da ake kawowa asibitin koyarwa, akasarinsu ba wata baƙuwar cuta ke kashe su ba. Gudawa ce, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro, da tamowa, da ciwon haƙarƙari. Kuma sai abu ya ci ƙarfin gida ake kawo yaro, bayan an sha jiƙo an yi turare, jiki ya riga ya bushe. Wanda aka samu aka ceto, sai ya koma gidan da ya ɗauko cutar, ya sha ruwan da ya sha a da, bayan 'yan watanni a sake dawowa da shi.

Daga nan ya tsaya a kan cewa yaron da gudawa ke neman kashewa ba farfesa yake bukata ba. Uwa yake bukata wadda ta san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, da malamin asibiti a kusa da gida wanda zai gane alamar haɗari ya tura su gaba. A ƙarshen shekarun 1960 ya buɗe wani ƙaramin asibitin iyali a Legas don gwada wannan tunani, inda ma'aikatan jinya ke duba yara, suna auna nauyinsu, suna yi musu rigakafi, suna koya wa iyaye mata girkin da ke gina jiki. Wannan ya faru shekaru kafin taron Alma-Ata na 1978, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ayyana kiwon lafiya a matakin farko a matsayin hanyar samar da lafiya ga kowa kafin shekarar 2000.

Najeriya ta taɓa gwada irin wannan a tsakiyar shekarun 1970 da wani shiri na kai ayyukan lafiya karkara, shi ma Olikoye ya yi aiki a cikinsa. Shirin ya ƙare a gine-gine da sayen kayan aiki, ba a ja mutanen gari a jiki ba. Ya riƙe wannan darasi.

Shekarun minista

Da ya hau kujera a 1985, ƙasar na shiga matsin tattalin arziki. A shekarar da ta biyo baya aka ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, magani ya yi tsada, ƙwararrun likitoci suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya da Turai da Amurka. A cikin wannan hali ya fara aikinsa.

A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 a faɗin ƙasar don su zama zakaran gwajin dafi. Aka haɗa kowacce da kwalejin likitanci ko makarantar horar da ma'aikatan lafiya da za ta riƙa yi mata jagora. Aka ƙirga gidaje, aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka da gundumomi, aka horar da 'yan sa-kai da ungozomomi. Ma'aikatan lafiyar al'umma kuwa aka ba su littafin ƙa'idoji da ke nuna musu abin da za su yi wa kowace irin rashin lafiya, da iyakar da za su tsaya su tura mara lafiya gaba. Manufar lafiya ta ƙasa da aka ƙaddamar a 1988 ta raba aikin gida uku: manyan asibitocin koyarwa na gwamnatin tarayya, asibitocin gari na jihohi, matakin farko kuma na ƙananan hukumomi.

Rigakafin yara ne ya fi fitowa fili. An sa gaba a kan cututtuka shida: tarin fuka, shan-inna, ƙyanda, tarin lala, mashaƙo da sarƙewar haƙora. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa a 1990 rigakafin ya kai ga kusan kashi 80 cikin ɗari na yaran ƙasar. A wannan zamani ne kuma ruwan gishiri da sukari ya shiga rediyo da talabijin har ya zama abin da kusan kowace uwa ta taɓa ji.

Akwai wasu matakai da ba a cika ambata ba, alhali tasirinsu ya daɗe. A 1989 aka yi dokar jerin muhimman magunguna. A 1990 aka yi dokar taƙaita shan taba a wuraren taruwar jama'a, da wata dokar da ta sa wa masu tallar madarar gwangwani ta jarirai linzami domin kare shayar da nonon uwa. Ƙasar ta kuma rungumi tsarin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987, inda ƙaramin asibiti ke sayar da magani da sauƙi ya juya kuɗin ya sake sayo wani. Yaƙi da kurkunu ma a lokacinsa aka fara shi gadan-gadan, a 1988, tare da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter. Ƙidayar farko ta gano masu cutar sama da 650,000, yawancinsu manoman da take kwantarwa daidai lokacin aikin gona. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita.

Ba duk abin da ya kawo ne ya samu karɓuwa ba. Manufar yawan jama'a ta 1988, wadda ta ba da shawarar kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu, ta sha suka daga malaman addini na Musulmi da Kirista, kuma a Arewa kusan ba ta wuce takarda ba.

Batun ƙanjamau

A 1986 ya sanar da cewa an samu mai ɗauke da cutar ƙanjamau ta farko a Najeriya. Mutane da yawa suka ɗauka zancen Turawa ne kawai. Abin da ya fi girgiza jama'a ya zo bayan ya bar mulki. Fela ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1997, washegari Olikoye ya zauna gaban 'yan jarida ya ce ƙanjamau ce ta kashe ƙaninsa. A al'adar da ake rufa wa mamaci asiri da cewa ya yi gajeriyar rashin lafiya, ba ƙaramin abu ba ne babban wa ya faɗi haka da bakinsa. Ga 'yan Najeriya da dama, ranar ce cutar ta tashi daga jita-jita ta zama abin da ya kama wani da suka sani.

Bayan saukarsa

A 1992, shekarar da ya bar ofis, aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa domin ta ci gaba da riƙe aikin. Sai dai ginshiƙin da ya dogara a kansa, wato ƙaramar hukuma, shi ne mafi rauni a matakan gwamnati uku. Rikicin siyasar 1993 ya sa masu ba da tallafi daga waje suka janye, albashi ya riƙa makalewa, firjin ajiye allurai suka lalace, asibitocin sha-ka-tafi da yawa suka koma kango. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya nuna kashi 13 cikin ɗari kacal na yara ne suka samu cikakken rigakafi, kuma jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne a ƙasan jerin. Masu sukarsa na cewa ya yi gini a kan tubalin toka. Masu kare shi na cewa tsarin bai gaza ba, kuɗi da kulawa aka hana shi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ayyukan lafiya na tushe, yunƙuri ne na toshe wannan ɓarakar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi lambar yabo ta Léon Bernard a 1986, UNICEF kuma ta ba shi ta Maurice Pate a 1990. Ya rasu ranar 1 ga Yuni, 2003, a Landan, inda ya je halartar wani taron Hukumar Lafiya ta Duniya, yana da shekara 75.