Gwagwarmayar Talakawa a Kano

Gwagwarmayar talakawa suna ne da ake bai wa jerin ƙungiyoyin da suka tashi a birnin Kano tun wajajen ƙarshen shekarun 1940 don neman sauƙin haraji, adalci a kotu da kuma murya a harkar mulki. Kalmar da ta fi manne wa wannan yunƙuri ita ce sawaba, wato samun sauƙi bayan ƙunci.

Asali

A zamanin Turawa, ta hannun En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, ake mulkin lardin Kano. Hakimai da dagatai da masu unguwanni ke karɓar haraji a kan kowane baligi da jangali a kan shanu, su ne kuma ke tara mutane aikin tilas. 'Yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk na En'e ne, saboda haka wanda aka zalunta sau da yawa wurin wanda ya zalunce shi zai kai ƙara.

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Sabon Gari. Sunayen da aka saba kawowa su ne Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Maitama Sule, Magaji Ɗambatta, Mudi Sipikin, Abdulƙadir Ɗanjaji, Musa Kaula da Babaliya Manaja. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Maru a lokacin. Ya ajiye aiki a wannan shekarar, ya kuma zama shugaban jam'iyyar a 1953. Takardar manufofinta ta fito ƙarara ta ce talakawa da masu riƙe da En'e ba buƙatarsu ɗaya ba, maganar da ba a saba jin ta a fili ba a wancan zamani.

Tsari da magoya baya

Ƙarfin NEPU yana wurin teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da malaman allo. Tana da rassa a unguwanni da ƙauyuka, da reshen mata, da Rundunar Samarin Sawaba. Kuɗin tafiyar da ita yawanci daga katin shiga da karo-karo suke fitowa, saƙonta kuwa ta lacca da waƙa yake isa kunnen jama'a. Alamarta tauraro ce.

Ba a sha da daɗi ba. An yi wa 'ya'yanta bulala, an ɗaure da dama kan laifin yin lacca ba izini ko ambaton sarki da abin da bai so ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya na cikin waɗanda aka kama a Kano saboda wa'azin siyasa ga matan kulle. A zaɓen 1951 jam'iyyar ta taɓuka sosai a matakan farko, amma zaɓen na hawa-hawa ne, kuma En'e na da damar cusa nata mutanen a mataki na ƙarshe, sai aka tashi ba ta da kujera. Malam Aminu bai shiga majalisar tarayya ba sai 1959. Sojoji suka rushe jam'iyyu a 1966.

Zamanin PRP

An farfaɗo da aƙidar a 1978 da sunan jam'iyyar PRP ta Malam Aminu, mai alamar mabuɗi. Da Muhammadu Abubakar Rimi na PRP ya hau gwamnan Kano a Oktoba 1979, ya soke haraji da jangali, abin da aka shekara kusan talatin ana nema. Gwamnatinsa ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, ta kuma ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu.

Jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan taɓo na Malam da 'yan santsi na gwamnonin jam'iyyar, kuma har yau kowane ɓangare da nasa bayanin. A tarzomar 10 ga Yuli 1981 aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai bai wa gwamna shawara kan siyasa. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Gidansa na Gwammaja, Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.

Bayan 1999

A Janairun 2012, da aka cire tallafin mai litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa kimanin 141, matasa da 'yan ƙwadago suka mamaye dandalin Silver Jubilee. Daga baya gwamnati ta mayar da farashin naira 97.

Sauran aikin ya koma hannun ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su CITAD, cibiyar fasahar sadarwa da ci gaba, masu rajista da hukumar rajistar kamfanoni (CAC), masu kwamitin amintattu da ma'aikata masu albashi. Suna bibiyar kasafin kuɗi da dokoki, kuma yawancinsu da tallafin masu ba da agaji suke gudana, ba da kuɗin katin mambobi ba.