Dokokin sanya suna ga abincin da ke maye gurbin nama

Dokokin sanya suna ga abincin da ke maye gurbin nama ƙa'idoji ne da hukumomi ke shimfiɗawa kan abin da aka yarda a rubuta a jikin kwali ko ledar abinci iri biyu. Na farko shi ne wanda ake sarrafawa daga tsirrai, musamman waken soya da alkama, don ya yi kama da nama a ido da baki. Na biyu shi ne wanda ake raino daga ƙwayoyin halittar dabba a cikin tankuna. Makiyaya da masu sana'ar nama na cewa kiran irin wannan abinci da sunan nama yaudarar mai saye ne, kamfanonin da ke yin sa kuwa na cewa sunan yana nuna siffar abincin da yadda ake dafa shi ne kawai, kuma wanda ya ga an rubuta "na tsirrai" ba zai ruɗe ba.

Asalin taƙaddamar

Rigimar ta girmi naman tsirrai na zamani da fiye da shekara ɗari, domin da man shanu ta fara. A 1869 wani masanin kimiyya Bafaranshe, Hippolyte Mège-Mouriès, ya ƙirƙiro majarin, wato man shafa wa burodi da a Najeriya aka fi sani da sunan Blue Band. Da yake ya fi man shanu arha, sai masu kiwon shanun madara a Amurka suka tayar da ƙayar baya, har majalisar dokokin ƙasar ta ɗora masa haraji na musamman a 1886. Jihohi da dama sun hana a rina shi rawaya don kada ya yi kama da man shanu, wasu kuma, irin su New Hampshire, suka wajabta a rina shi ruwan hoda domin kowa ya ƙyamace shi, sai a 1898 Kotun Ƙoli ta soke wannan sharaɗi. Jihar Wisconsin ba ta janye haramcin majarin mai launin rawaya ba sai 1967, lardin Quebec na Kanada kuwa sai 2008. Hujjar da aka kafa a lokacin, wato kare mai saye daga ruɗu, ita ce dai ake kafawa yau, kuma a lokutan biyu masu tsohuwar sana'ar ne suka fi matsa lamba a yi dokar.

Tarayyar Turai

A Turai sunayen kayan madara na da kariyar doka, sunayen nama kuwa sun daɗe ba su da irinta, kuma daga wannan bambanci ne yawancin shari'o'in suka taso. A watan Yunin 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar da aka shigar kan kamfanin TofuTown na Jamus cewa kalmomin madara, man shanu, cuku da yogot na abin da aka samu daga dabba ne kaɗai, ko da an haɗa su da bayanin cewa daga tsirrai aka yi abin. An keɓe 'yan sunaye da al'ada ta riga ta amince da su, kamar madarar kwakwa. A watan Oktoban 2020 kuma Majalisar Dokokin Tarayyar ta yi watsi da ƙudurin da ya nemi a hana kiran abincin tsirrai da sunayen abincin nama irin su baga (burger) ko sosej (sausage).

Faransa ce ta fi kowace ƙasa nacewa. Gwamnatinta ta fitar da umarni a 2022 da ya hana amfani da sunayen nama ga furotin na tsirrai, amma babbar kotun ƙasar mai duba ƙararrakin da ake kai hukumomi ta dakatar da shi. An sake fitar da wani a farkon 2024 mai ɗauke da jerin kalmomin da aka haramta, shi ma aka dakatar da shi. A watan Oktoban 2024 Kotun Tarayyar Turai ta ce ƙasa ba ta da ikon hana amfani da sunan da jama'a suka saba da shi matuƙar ba ta riga ta ƙayyade ma'anarsa a doka ba, daga nan kotun Faransa ta soke umarnin biyu a farkon 2025. A watan Oktoban 2025 Majalisar Dokokin Tarayyar ta sauya matsayinta na baya, ta kaɗa ƙuri'ar goyon bayan keɓe irin waɗannan sunaye ga nama, matakin da a lokacin yake buƙatar amincewar ƙasashe mambobi kafin ya zama doka.

Amurka

Jihar Missouri ce ta fara, a 2018, da dokar da ta hana a tallata wani abu a matsayin nama idan ba daga dabba ko kazar da aka yanka ya fito ba. Arkansas, Mississippi da Louisiana sun bi sahu. Kamfanin Tofurky mai yin abincin tsirrai ya kai wasu daga cikinsu kotu bisa hujjar 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma hukunce-hukuncen sun bambanta daga jiha zuwa jiha.

Naman da ake raino daga ƙwayoyin halitta

An fara nuna wa duniya irin wannan nama a Landan a watan Agustan 2013, lokacin da aka soya curin naman shanu da Mark Post na Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ya raina, wanda aka ce ya ci kusan Yuro 250,000. Singafo ce ta fara ba da izinin sayarwa, a watan Disambar 2020, ga naman kaza na kamfanin Eat Just, kuma hukumar abincinta na buƙatar a sa kalmar da ke fayyace ainihin abin a jikin kwali. A Amurka hukumar abinci da magunguna da ma'aikatar noma sun raba aikin sa ido tsakaninsu tun 2019, sannan a watan Yunin 2023 aka ba kamfanonin Upside Foods da Good Meat izini da sunan da ke nufin "kazar da aka raina daga ƙwayoyin halitta". Kamfanonin ba sa son a ce "naman ɗakin gwaji", masu adawa da su kuwa sunan da suka fi so ke nan.

Wasu gwamnatoci sun wuce batun suna zuwa haramci. Italiya ta hana yi da sayar da shi a watan Nuwamban 2023, da tarar da za ta iya kai Yuro 60,000, jihohin Florida da Alabama kuma suka yi haka a 2024.

Tambarin halal

A watan Fabrairun 2024 majalisar addinin Musulunci ta Singafo ta ba da fatawa cewa wannan nama na iya zama halal idan daga dabbar da ta halatta aka ɗauko ƙwayoyin, kuma duk abin da aka ciyar da su mai tsarki ne. Wannan sharaɗi na biyu yana da nauyi, domin a gwaje-gwajen farko da ruwan jinin ɗan tayin saniya ake raino ƙwayoyin.

Afirka

A 2022 ma'aikatar noma ta Afirka ta Kudu ta ba da umarnin kwashe abincin tsirrai masu sunayen nama daga kantuna, amma babbar kotu a Johannesburg ta dakatar da kwashewar. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke kula da rubutun jikin abincin da aka rufe a kwali ko leda. Abincin waken soya da ya fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, wato awara, a kasko ake soya shi a bakin titi a sayar ba kwali ba rubutu, kuma a wasu wurare ana kiran sa ƙwai-da-ƙwai.