Humido: shayar da sabon akwatin siga da riƙe danshinsa

Humido akwati ne, ko kabad, wani lokaci ma ɗaki guda, da ake ajiye tabar siga a ciki don kar ta bushe kuma kar ta jiƙe fiye da kima. Siga ɗin nan dai ba sigan shayi ba, ba kuma taba sigari ta kwali ba, ana nufin wannan mai kaurin da ake naɗewa da ganyen taba zalla, ciki ganye waje ganye ba takarda ko kaɗan, irin wadda ake yi a Kuba da Nikaraguwa da Honduras da Jamhuriyar Dominika. Ganyen da ya fi suna yana fitowa daga yankin Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río na Kuba, sai Estelí a Nikaraguwa, akwai kuma ganyen naɗin waje da ake nomawa a gabashin Kamaru wanda kamfanoni ke daraja shi sosai. Galibin wuraren nan iskarsu mai laima ce, to in aka ɗauko siga aka kai ta gida mai busasshiyar iska, cikin 'yan kwanaki sai ganyen saman ya fara tsagewa, man da ke cikinsa ya tashi, ta rinƙa ci da wuta kamar kara. Ita dai taba ce kamar kowace taba, tana jawo kansar baki da maƙogwaro da huhu, akwatin ba ya rage wannan ko ƙwayar zarra, aikinsa ajiya ne kawai.

Ƙaramin akwatin da ake ɗorawa kan tebur, yawanci ana danganta shi da Zino Davidoff, ɗan kasuwar taba na birnin Janeba a Suwizalan, wanda ya zaga Kudancin Amurka da Kuba yana saurayi ya dawo gida wajajen 1930. Ya rasu a 1994 amma har yau sunansa na kan kaya.

Katakon ciki

Nan ne asalin maganar. Ana shimfiɗe cikin akwatin da wani katako da Turawa ke kira sidar Sifen, masana kuma su ce Cedrela odorata, abin dariya shi ne ba a Sifen yake fitowa ba, bishiyar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ce, kuma danginsu ɗaya da maɗaci da dogon yaro. Katakon yana shan danshi yana saki a hankali ba tare da ya lanƙwashe da sauri ba, yana da wani ƙamshi da ke tafiya da na taba, ana kuma cewa ƙwari ba sa son warinsa. An sare bishiyar da yawa har sai da yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sa ido kan cinikinta, shi yasa a akwatuna masu araha za ka ga ɗan siririn falle ne kawai aka manna a kan wani katakon daban.

Matsalar ita ce sabon akwati a bushe yake zuwa, ƙamas. In mutum ya yi zumuɗi ya zuba siga a ciki ranar da ya saya, katakon nan mai ƙishirwa daga jikin sigar zai fara sha, maimakon ya ba ta sai ya ƙwace. Kamar sabon tulu ne, ruwan farko da aka zuba jikinsa ne ke shanye wani kaso. Dan haka dole a fara shayar da shi tukun kafin a damƙa masa kaya.

Yadda ake shayarwa

Ana farawa da ma'aunin danshi, dan in shi ƙarya yake yi duk sauran aikin shirme ne. Masu allura irin na agogo ɗin nan da ake liƙawa a gaban akwati sun fi kyan gani amma sukan kauce da maki da dama, na dijital sun fi gaskiya. Gwajin ba wuya: a cika murfin gorar ruwa da gishirin girki, a ɗiga ruwa kaɗan yadda zai yi dama-dama kamar jiƙaƙƙen yashi, kar ya narke, a sa shi tare da ma'aunin cikin leda mai zif ko roba mai rufuwa gam, a bar su su kwana. Gishirin da ya jiƙe haka yana tsayar da danshin iskar da ke rufe a kan kashi 75 cikin 100. In ma'aunin ya nuna 71, ka san yana ci maka huɗu kenan, ko ka saita shi ko ka rinƙa ƙarawa a ka.

Ruwan kuma ba kowane ba. Wanda aka tace ta hanyar tururi ake so, wanda ba gishirin ƙasa ba kulorin a ciki, saboda ruwan famfo ko na rijiya ko fiya wata yana toshe soson da ke ba akwatin danshi yana barin farin tabo, yana iya kawo fumfuna. A kula kar a je a ɗauko ruwan batir mai asid a ce ai duk ɗaya ne.

Hanyar da ta fi lafiya ita ce a zuba ruwan a ƙaramin kofi ko faranti, a ɗora kan leda a tsakiyar akwatin ba siga ko ɗaya a ciki, a sa ma'aunin, a rufe. Shikenan, sai haƙuri. Kwana uku zuwa sati biyu, ya danganta da girman akwati da kaurin katako. Lambar za ta haura 80 tun a farko-farko, to wannan iskar ce ta ƙoshi ba katakon ba, nan mutane da yawa ke ruɗuwa su cire kofin da wuri, bayan kwana biyu su ga lamba ta faɗo ƙasa su fara zagin akwatin. Alamar ya sha shi ne in an cire ruwan aka sa abin riƙe danshi na dindindin, lambar ta sauko wajen 70 ta zauna nan kwana biyu ko uku ba ta motsi.

Akwai masu goge cikin da jiƙaƙƙen soso dan a yi sauri. Yana aiki wani sa'in, amma gaskiya kasada ce, ruwa kai tsaye yana tada gashin katako, siririn falle na iya kumbura ko ya ɗaye, murfi ya daina zama daidai, kuma in murfi ya karkace an gama da akwatin. Kamfanin Boveda na jihar Minnesota a Amurka yana yin wasu 'yan fakiti masu ruwan gishiri a ciki, na shayarwa an rubuta masa 84, ana jefa fakiti ɗaya mai giram 60 ga kowane gurbin siga 25, a rufe kwana 14 ba leƙe.

Riƙe danshin

Tsohuwar ƙa'idar da kowa ke faɗa ita ce 70 da 70, wato danshi kashi 70 da zafi digiri 70 a ma'aunin Amurkawa, kusan 21 kenan a namu. Amma yanzu da yawa sun fi son 65 zuwa 69 dan tabar ta fi kamawa da kyau. Ko wace lamba aka zaɓa, abin da ya fi muhimmanci kar ta rinƙa hawa da sauka, yau 62 gobe 75, saboda ganyen ciki yana kumbura yana motsewa, na waje kuma siriri ne ba ya jure wannan, sai ya fashe. Duk wanda ya taɓa ganin yadda masu goro ke fama da huhun goro, a canza ganyen fita, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, ya san irin aikin.

Na'urar da ke zuwa da yawancin akwatuna koren soso ne irin na masu sayar da furanni cikin 'yar roba, ana jiƙa shi da ruwa haɗe da sinadarin firofilin gilaikol rabi da rabi, wannan haɗin yana tsayawa kusa da 70. Akwai ƙwayoyin silika, akwai fakitin gishiri masu lamba 65, 69, 72 waɗanda in danshi ya yi ƙasa su saki, in ya yi yawa su tsotse, in sun yi tauri a canza. Akwati da ke cike rabi ko fiye ya fi riƙe danshi kan wanda siga uku ke yawo a ciki. Murfi kuma ana gwada shi da takarda, a maƙale ta a rufe a ja, in ta zare salin-alin to iska na fita.

Zafi ya fi danshi wahalar sha'ani. Akwai wani ɗan ƙwaro, Lasioderma serricorne, bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, ƙwansa kan zo a cikin ganyen tun daga can, in ɗumi ya haura digiri 22 ko 23 tare da laima sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi ta huda ramuka kamar na allura tana barin gari a ƙasan akwati, irin ɓarnar da sankara ke yi wa goro. Maganin da aka saba shi ne a ƙulle sigar a leda biyu, firiza kwana uku, sannan firij kwana ɗaya dan ta huce a hankali kar ta tsage. In danshi ya zarce 75 ya daɗe a haka kuma fumfuna ce ke biyo baya. Wasu na cewa farin ƙurar da ke fitowa a jikin tsohuwar siga mai ne ya daskare, an daɗe ana gardama a kai, amma in ta yi gashi-gashi ko launin kore ko shuɗi, ko ta shiga ta gindin sigar, ba sauran musu.

A wuri irin Kano ko Damagaram lissafin 70 da 70 ɗin nan sai dai a littafi. Da hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta ya wuce 80, a Afrilu zafi ya taɓa 40, ga wutar lantarki da ba tabbas. Akwatin katako mai sakakken murfi ba zai iya wannan kokawar ba, dan haka a busassun ƙasashe masu zafi wasu kan haƙura da ƙawa su yi amfani da robar abinci mai rufuwa gam ko kula, su jefa fallen katakon sidar da fakitin gishiri a ciki, su ajiye a ɗakin da ya fi sanyi nesa da taga. Roba ba ta shan ruwa, dan haka ita ba sai an shayar da ita ba, sai dai a rinƙa buɗewa jefi-jefi iska ta canza, kuma a zaɓi fakiti mai ƙaramar lamba tunda ba inda danshin zai zurare.